A tantance dutsen farar ƙasa kafin a sa masa nakiya

Kwanakin baya na saurari wata muhawara a rediyo kan ma'adanai. An daɗe ana maganar zinare, aka koma kan litiyam da ake batirin mota da shi, aka taɓo tagulla da yuraniyam. Can wajen ƙarshe wani ya bugo waya ya ce, to dutsen farar ƙasa fa? Ɗaya daga cikin baƙin ya yi 'yar dariya, ya ce wannan ai ba ya cikin lissafi, ko'ina aka tona akwai shi, duk mai katafila da nakiya sai ya je ya ɗiba. Mai gabatarwa bai ko tanka ba, ya wuce tambaya ta gaba.

Maganar nan ta tsaya mini a rai har yau. Ɗakin da suke zaune a ciki da wannan dutse aka gina shi. Gilashin da ya raba su da mai haɗa sauti, da shi aka narka. Ƙarfen da ke riƙe da rufin, da shi aka tace. Amma a bakinsu bai kai a ɓata minti ɗaya a kansa ba.

Matsayina a taƙaice shi ne, bai kamata wata gwamnati ta ba da lasisin fasa dutsen farar ƙasa ba sai ta san abu biyu a rubuce: ingancin dutsen da ke wurin, da ruwan da ke kwance a cikinsa wanda mutane ke sha. Wanda zai fasa kuma ya ajiye kuɗin gyaran ramin tun kafin nakiyar farko ta tashi. Ba na adawa da siminti, kuma zan zo kan wannan. Abin da nake ƙi shi ne a riƙa ɗaukar kowane farin dutse a matsayin tsakuwa.

Abin da dutsen ke riƙe da shi

Yawancin dutsen farar ƙasa ragowar halittun teku ne, ɓawon katantanwa da murjani da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, da suka taru a ƙasan ruwa tsawon miliyoyin shekaru har suka dunƙule. Hatta ƙololuwar tsaunin Everest irin wannan dutsen ne. Sinadarin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin ɓawon ƙwai. In aka ƙona shi a tanderu har zafi ya kai wajen digiri 900, sai iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, ta fice, a bar ƙonanniyar farar ƙasa.

Na taɓa tsayawa kusa da wani magini yana jiƙa irin wannan ƙonanniyar a cikin rabin duro. Fararen dunƙula ne busassu, in ka taɓa buhun ba ka jin ko ɗumi. Ya zuba ruwan sanyi, ya tare ni da hannu ya ce, "Malam, ja baya, yanzu za ta tashi." Ba a jima ba ta fara huci, dunƙulan suna tsagewa, tururi na tashi, ruwa ya hau tafasa babu wuta babu itace. Gefen duron ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Da na dubi bayan hannunsa sai na ga duk tabo ne na wuraren da ta taɓa fallatsa masa. Tun ranar na daina kallon farar ƙasa a matsayin hodar shafe bango kawai.

Wannan ƙarfin nata ne masana'antu ke saye. Babban mai sayen ƙonanniyar farar ƙasa a duniya shi ne masana'antar ƙarfe. In an narka tama, akwai yashi da farar wuta da sauran datti a ciki, kuma in suka zauna ƙarfen zai yi gautsi. Farar ƙasa ce ke kama su, su taso sama a matsayin kashin maƙera a kwashe. Rodin da ke cikin ginshiƙin gada ba zai amintu ba in ba a yi wannan ba.

Gilashin taga da kwalba, kusan kashi ɗaya cikin goma nasa farar ƙasa ce. In babu ita, gilashin da aka yi da yashi da soda kaɗai ruwa ma yana iya narkar da shi. Ita kanta sodar, yawancin wadda ake haɗawa a masana'anta da gishiri da dutsen farar ƙasa ake yin ta, ta hanyar da Ernest Solvay na Beljiyam ya tsara a shekarun 1860.

Ruwan famfo ana gyara tsaminsa da ita. Ruwan rake ana sa masa ita don dattinsa ya kwanta kafin a sami farin sukari. Tana cikin takarda, da fenti, da bututun roba, da man goge haƙori, da abincin kajin ƙwai. Tashoshin lantarki masu ƙona kwal suna wanke hayaƙinsu da ita don kama farar wuta. A ramin haƙar kwal ana watsa garinta don kada ƙurar kwal ta kama da wuta ta fashe da mutane a ciki.

Sai kuma uban tafiyar, siminti. Tun 1824 da Joseph Aspdin, wani birkila a garin Leeds na Ingila, ya yi rajistar simintin Portland, wato irin simintin da aka saba gini da shi yau, dutsen nan ya zama ƙashin bayan gini. Yau duniya na yin wajen tan biliyan 4 na siminti a shekara, kusan rabinsa a Sin.

"Ai ba ya ƙarewa"

Wannan ce hujja ta farko, kuma akwai gaskiya a cikinta. In ana maganar duniya baki ɗaya, dutsen farar ƙasa ba zai ƙare ba a zamaninmu ko na jikokinmu. Na yarda.

Sai dai masana'anta ba ta sayen dutsen duniya baki ɗaya. Tana sayen wani dutse takamaimai, mai wani inganci, a wani wurin da mota za ta iya kawo shi ba tare da kuɗin dako ya cinye riba ba.

Dutsen hawa-hawa ne. Akwai wanda ya cakuɗe da laka da yashi, wannan ya ishi siminti, don shi siminti dama yana buƙatar laka a haɗinsa. Akwai kuma tsarkakakke wanda kusan babu gauraye a cikinsa, shi masu ƙarfe da gilashi da takarda da sinadarai ke nema. Mai gilashi ba ya son ɗigon tsatsar ƙarfe a dutsensa, don ita ke sa gilashi ya yi kore. Mai takarda farin yake saye. Irin wannan tsarkakakken ba a ko'ina yake ba, kuma da ido ba a bambanta shi da na gama-gari. Sai an huda ƙasa an ciro samfur an kai ɗakin gwaji.

A duba Indiya. Ƙasa ce mai tarin dutsen farar ƙasa, ita ce ta biyu a duniya wajen yin siminti. Duk da haka jiragen ruwa na yi mata dakon dutsen daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Oman, saboda yawancin nata na siminti ne, masana'antunta na ƙarfe kuwa suna son wanda yashinsa bai da yawa. Maƙwabciyarta Bangaladash kusan ba ta da dutsen da za ta fasa a sarari. Akwai masana'antar siminti a garin Chhatak da ake turo wa dutse daga jihar Meghalaya ta Indiya a kan bel mai tsawon kilomita 17, yana tsallaka iyakar ƙasa da ƙasa. Wa zai shimfiɗa bel ya ƙetare iyaka saboda abin da ke ko'ina?

To ga abin da ke ci mini rai. In an ba da lasisi ido rufe, mai kwangilar titi zai je dutsen da ya fi kusa da shi ya fasa. Ba ruwansa da ko tsarkakakke ne, shi tsakuwa yake nema, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya gaya masa. Sai a niƙe dutsen da zai ciyar da masana'antar gilashi shekaru masu yawa a zuba ƙarƙashin kwalta, aikin da kowane dutse mai tauri zai yi. Kamar a yanka sabuwar shadda a yi tsumman goge ƙasa ne. Bayan shekara ashirin ƙasar ta tashi kafa masana'antar ƙarfe, sai ta koma sayen dutse daga waje da kuɗin ƙetare.

Akwai wata hanyar asarar da ba a cika lura da ita ba. Gari na faɗaɗa, a yanka filaye a gina unguwa a kan shimfiɗar dutse mai kyau. Daga ranar an rufe shi ke nan, ba mai tayar da unguwa don ya sa nakiya. Ingila ta gane wannan, shi ya sa tsarinta na raya ƙasa ya sa ƙananan hukumomi su shata wuraren da ma'adanai ke kwance, don kada a yi gini a kansu ba tare da an duba ba. Taswira ce da doka kawai, ba wata fasaha mai tsada ba.

Tsaunin da kake gani, randa ce

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, don wannan ne ɓangaren da aka fi yin watsi da shi.

Ruwan sama yana da ɗan tsami, kuma yana cin dutsen farar ƙasa a hankali. Cikin dubban shekaru sai ya rarake cikin tsauni, ya yi tsaguna da koguna da hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Damina ta zo ruwa ya shige, rani ya yi ya riƙa fitowa ta maɓuɓɓuga a gindin tsaunin, wani lokaci ma nesa da shi ƙwarai. Miliyoyin mutane a duniya irin wannan ruwa suke sha ba tare da sun san daga ina yake ba.

Birnin Vienna na Ostiriya tun 1873 yake janyo ruwan sha daga maɓuɓɓugan tsaunukan farar ƙasa, ruwan na gangarowa da kansa ba injin turawa. Birnin ya mallaki dazuzzuka masu faɗi a can yana tsaron su, don ya san abin da ya taɓa tsaunin ya taɓa famfonsa. Birnin Dimashƙa na Siriya ya dogara da marmaron Ainul Fija, shi ma daga cikin irin wannan dutse yake fitowa. Da yaƙi ya lalata wurin a ƙarshen 2016, miliyoyin mutane suka shafe makonni famfo a bushe.

Yanzu a ce an buɗe ramin fasa dutse a irin wannan tsauni. In ramin ya yi zurfi ya kai ga ruwan ƙasa, dole a sa injuna suna zuƙe ruwan dare da rana don aiki ya ci gaba. Ruwan da ake zuƙewa kuwa shi ne na rijiyoyin da ke kewaye. Rijiyar da guga ke kai wa da igiya gaba biyar sai ta koma neman goma, daga baya ta ƙafe. Wani wuri ƙasa kan rufta ta bar rami a tsakiyar gona, saboda kogon da ruwa ke tallafe da shi ya zama fanko. Man injin da ya zube a ramin kuma ba ya samun ƙasar da za ta tace shi, ta cikin tsaga yake bi kai tsaye ya fito a marmaro.

Matsalar ita ce, in rijiya ta ƙafe, kamfani zai ce fari ne, mutanen gari su ce ramin ne, kuma ba mai hujja, don ba wanda ya auna zurfin ruwan kafin a fara. Ana zuwa kotu magana ta watse. Auna rijiyoyi ashirin a rubuta a ajiye bai kai kuɗin taya ɗaya ta katafila ba. Rashin yin sa ba tsada ba ce ke jawo shi, ba a tilasta wa kowa ba ne.

Akwai kuma halittun da ba su da wani gida sai tsauni guda. A Malesiya an yi wani ɗan mitsitsin dodon koɗi, masana na kiran sa Plectostoma sciaphilum, da ba a taɓa samun sa ko'ina ba sai a tsaunin Bukit Panching. Cikin shekarun 2000 aka fasa tsaunin ƙurmus, shi ma ya tafi ke nan. Na san wani zai ce, yanzu saboda dodon koɗi za a hana mutane aiki? Ban ce haka ba. Na ce a san abin da ke wurin kafin a yanke shawara. In tsaunuka goma ne a jere, a zaɓi wanda fasa shi ya fi ƙarancin ɓarna, a cinye shi sosai, a bar sauran. Abin da aka saba yi shi ne a ɗan gatsa kowanne a bar su duka da rauni.

"Kana so ka hana ci gaba"

Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi, kuma ba na raina ta. Mutumin da ke kwana a ɗakin da ke yoyo yana buƙatar siminti. Asibiti, makaranta, gada, madatsar ruwa, magudanar da ke hana ambaliya, duk kankare ne. Sin ta yi amfani da siminti tsakanin 2011 da 2013 fiye da wanda Amurka ta yi amfani da shi a ƙarni na 20 gaba ɗaya, kuma da shi ta gina birane da hanyoyin da suka fitar da jama'a masu yawa daga talauci. Ƙasashen da ba su gama gina kansu ba suna da cikakken haƙƙin su yi nasu. Duk wanda ke zaune a gidan kankare yana gaya wa wasu su haƙura da siminti, bai yi adalci ba.

Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A tambayi mutanen da ke maƙwabtaka da ramin dutse yadda suke kwana. Ganyen bishiya ya yi fari fat, shanyar da aka yi da safe ta koma wanki da yamma, yara na tari, bango ya tsage daga girgizar nakiya, manyan motoci sun farfasa hanyar da kowa ke bi. Dutsen na fita da araha ne saboda akwai kuɗin da ba a sa cikin farashinsa ba, kuma waɗannan mutane ne ke biya da huhunsu da bangonsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maganin kuwa sananne ne a sana'ar: yayyafa ruwa a hanya da wurin niƙa, rufe bel da bayan tifa, matatar ƙura a bututun hayaƙi, tayar da nakiya kashi-kashi a lokacin da aka sanar, tazara tsakanin rami da gidaje, takunkumi da tabarau ga leburori. Kamfanoni da yawa na yin duk wannan a ƙasar da doka ke cizo, su kuma yi watsi da shi a ƙasar da ba ta cizo. Kamfani ɗaya, inji iri ɗaya.

Batun ramin da ake bari ma haka ne. An saba a kwashe dutse a tafi, a bar ƙaton kududdufi mai gangare a tsaye, dabba ta faɗa, yaro ya je wanka ya nutse. Alhali an ga yadda ake gyarawa. A kusa da Mombasa ta Kenya, wani masanin noma ɗan Suwizalan, René Haller, ya fara aiki a 1971 a kan tsohon ramin kamfanin siminti na Bamburi, fili ƙeƙasasshe da ko ciyawa ba ta fitowa. Ya gwada itatuwa iri-iri har ya sami kasuwarina da ke jure wurin, ya saki ƙadandoniya masu yawa suna cin ganyen da ke zuba suna mayar da shi ƙasa. A hankali ƙasa ta taru, wasu tsirrai suka samu gindin zama. Yau wurin daji ne da ake kira Haller Park, mutane na zuwa kallon dabbobi. A Kanada ma lambun Butchart da masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa gare shi, tsohon ramin dutsen farar ƙasa ne.

Shi ya sa na ce a karɓi kuɗin gyara tun farko, a ajiye a asusun da kamfani ba ya iya taɓawa. Ranar da dutse ya ƙare riba ta ƙare, kuma kamfanin da ba ya samun ko kwabo daga wuri ba zai dawo ya shuka itace don Allah ba. Wani ma kafin lokacin ya canza suna ko ya karye. Tun ran gini ran zane.

Iskar da ke fita daga cikin dutse

Ga lissafin da ba ya canzawa: in ka ƙona kilo 100 na tsarkakakken dutsen farar ƙasa, kilo 56 za ka kwashe, kilo 44 sun tashi sama a matsayin iskar kabon. Ba daga man da aka ƙona wannan ke fitowa ba, daga jikin dutsen ne. Tun shekarun 1750 Joseph Black na Sikotilan ya lura dutsen na rage nauyi in an ƙona shi saboda wata iska da ke fita. Ko da hasken rana za ka hura tanderun, wannan kason sai ya fita. Tanderun siminti kuma sai ya kai wajen digiri 1450, ga nasa hayaƙin man a kai. In aka haɗa, siminti kaɗai na fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki, kuma fiye da rabin wannan daga dutsen ne.

Za a ce ƙasashen da suka riga suka gina kansu su suka cika sama da hayaƙi, su ya kamata su biya. Haka ne, kuma su fara. A Brevik ta Norwe an buɗe na'ura a 2025 da aka tsara ta kama tan 400,000 na iskar kabon a shekara daga masana'antar siminti, a kai ta a binne ƙarƙashin teku. Aiki ne mai tsada ƙwarai, gwamnatin ƙasar ce ta ɗauki mafi yawan nauyinsa, kuma ba na ganin ƙasashe marasa ƙarfi za su iya kwaikwayonsa nan kusa.

Abin da kowa zai iya shi ne rage yawan dutsen da ake ƙonawa a kowane buhu. Masu bincike a Suwizalan da Kuba da Indiya sun haɗa wani siminti da ake kira LC3, wanda kusan rabinsa kawai ƙonannen dutse ne, sauran kuma gasasshiyar laka ce da ɗanyen garin dutsen farar ƙasa da ba a ƙona ba. Yana rage hayaƙi har kusan kashi 40 cikin 100. Ni abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne, ramin da zai ƙare a shekara hamsin sai ya daɗe fiye da haka. Mai kare yanayi da mai son dutsen ƙasarsa ya yi auki, a wannan gaɓar buƙatarsu ɗaya ce. Abin da ke tare hanya sau da yawa dokokin ingancin gini ne da aka rubuta tun kafin a san irin wannan haɗi, kuma gwamnati ce ke da alƙalamin gyara su.

Manomi, wanda ya fi buƙata kuma ya fi rashi

Na bar wannan a baya ne don shi ya fi sosa mini zuciya.

A wuraren da ruwan sama ke da yawa ƙasa kan yi tsami, kuma yawan zuba wasu takin zamani na ƙara mata. In ta yi tsami, saiwa ba ta miƙewa, takin da aka zuba kuma ƙasa ta riƙe shi shuka ba ta samu. Manomi ya ga gona ta ƙi, sai ya ci bashi ya ƙara buhun taki, alhali ciwon ba na yunwa ba ne. Maganinsa garin dutsen farar ƙasa ne, ɗanye, ba sai an ƙona ba.

Yankin Cerrado na Burazil a da ana ganin ba ya nomuwa saboda tsamin ƙasarsa. Bayan an kafa hukumar binciken noma ta Embrapa a 1973, aka dage da zuba garin dutsen nan da takin fosfet, aka samar da irin da ya dace da wurin. Yau Burazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da waken soya. An yi asarar daji mai yawa a wannan tafiya, kuma ba na yaba wannan ɓangaren. Amma darasin ƙasar ya tabbata: farin gari ya mayar da ƙasa mai tsami gona. Suwidin kuma tun shekarun 1970 take zuba shi a tafkunan da ruwan sama mai guba ya kashe wa kifi.

Kowane wurin fasa dutse yana tara tsibin gari, ɓarɓashin da ya yi laushi da yawa ba ya shiga tsakuwa. Sau da yawa yana nan jibge a gefe, iska na kwasa tana watsa wa maƙwabta, damina na wanke shi zuwa rafi. Kilomita kaɗan daga nan kuma ga gonaki masu tsami da ba su taɓa ganin ko mudu ɗaya nasa ba. Ba a haɗa su ba saboda ribar garin ba ta kai ta siminti ba, dakonsa na da nauyi, manomin kuma ba wanda ya taɓa auna masa ƙasarsa ya gaya masa abin da ke damun ta.

Za a ce wannan aikin ma'aikatar noma ne, ba na mai ba da lasisin ma'adanai ba. A takarda haka ne. Amma dutsen na al'umma ne kafin a ba wani izinin ɗiba, kuma mai ba da izini yana da damar gindaya sharaɗi. A rubuta a cikin lasisin cewa za a gwada garin da ke fita, in ya dace da gona a niƙa shi yadda ya kamata, a tanade shi a bakin ƙofa ga manoman yankin a kan kuɗin da aka kashe wajen niƙa shi. Malaman gona su bi gonaki da ɗan abin gwajin tsami, wanda bai fi a riƙe a tafin hannu ba, su gaya wa kowa buhu nawa gonarsa ke so, kuma ya zuba tun kafin ruwan farko ya sauka.